Ɗana Yana Shanye Kunu Tas, Amma Nauyinsa Ya Tsaya

Assalamu alaikum Anti. Ɗana na fari watansa bakwai da mako biyu. Nono zalla na ba shi har ya cika wata shida, daga nan na fara dama masa kunu mai ruwa-ruwa ina zubawa a fida, na ɗan faɗaɗa hudar bakin don ya riƙa saukowa. Yana shanyewa tas, wata rana har fida uku. Amma da muka je awo sai aka ce nauyinsa bai motsa ba tun wancan watan. Na dafa masa karas da kabewa na murƙushe, ya yamutsa fuska ya turo da harshe. Sau biyu na gwada na haƙura. Abincin jarirai na kwalba kuwa, musamman mai 'ya'yan itace, tun kafin cokali ya iso ya hangame baki. Maigidana ya ce mu ci gaba da saye kawai, ni kuma na ga abin ba mai ɗorewa ba ne, kuma ina so in san abin da ke shiga cikin ɗana. Surukata da muke zaune tare ta ce rashin zaƙi ne, in sa masa sukari ko zuma, in ya ƙi a yi masa ɗura kamar yadda ta yi wa ubansa. Nan da mako uku zan koma aiki, kuma ita zan riƙa bar wa shi. Wallahi Anti wani lokaci sai in shiga ɗaki in yi ta kuka, ina ganin kamar ni ce ban iya raino ba. Me zan dafa masa, yaya zan dafa, kuma yaya zan ajiye?

Maman Yaro

Wa alaikumus salam ƙanwata. Share hawayenki tukuna. Uwar da ta shayar da nono zalla wata shida cur, ta kai ɗanta awo a kan lokaci, ta kuma lura cewa ma'auni ya tsaya, ba ita ake kira wadda ba ta iya raino ba. Kuma ina ganin amsar tambayarki tana cikin wasiƙarki, a wurin da kika ce kin faɗaɗa hudar fida.

Gobe da safe idan kin dama kunun nan, ki ɗebo cokali ɗaya ki karkata shi. In ya zuba kamar ruwa, to ga inda gizo ke saƙar. Kunun da zai iya bi ta bakin fida, komai faɗin hudar, yawancinsa ruwa ne. Cikin jariri kuwa ɗan mitsitsi ne. Masana suna ƙiyasta cewa a zama ɗaya yana ɗaukar kusan mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato yaro mai kilo 8 bai wuce kofi ɗaya ba, mililita 240 ke nan. Nonon da ke jikinki yana da ƙarfin kalori wajen 70 a kowace mililita 100, tsinkakken kunu kuwa sau da yawa ba ya kai haka. To kin ga abin da ke faruwa. Kina cika masa ciki sau uku a rana da abin da bai kai nono ƙarfi ba, shi kuma ya ji ciki ya ɗauka, sai ya rage tsotso. Ya bar mai kyau ya kama wanda bai kai shi ba. Ido yana ganin fida ta ƙare, zuciya ta yi sanyi, ma'auni kuma yana nan inda yake. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Don haka gyaran farko ba ya buƙatar ki sayi komai. Ki ajiye fida, ki ɗauko ƙaramin kwano da cokali, ki dama kunun da kauri yadda zai zauna a kan cokali, in kin karkata ya sauko a hankali yana nauyin jiki. Kada ki damu in kin ga da farko bai sha ko kwatan abin da yake sha a fida ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sabunta jagorarta kan ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23 a shekarar 2023, ta daɗe tana koyar da cewa yaro mai shan nono ɗan wata 6 zuwa 8 ana ba shi abinci sau biyu zuwa uku a rana, a fara da babban cokali biyu ko uku, a yi ta ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata 9 sai a koma sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani in yana so. Abin da ake nema daga abinci a watannin da ɗanki yake ciki bai wuce kalori 200 a rana ba, sauran duk nono ne ke ɗaukar nauyinsa. Shi ya sa ba na so ki rage shayarwa ko kaɗan. Ki ba shi kafin ki fita aiki, ki ba shi da kin dawo, ki ba shi da dare, in da hali ki tatsa ki bari.

Kauri kaɗai kuma bai isa ba, don garin hatsi da ruwa ko an dama shi kamar siminti garin hatsi ne. Abin da na fi so ki riƙe a ranki shi ne sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Jariri yana zuwa duniya da guzurin ayon da ya tara tun yana ciki, guzurin nan kuma yana ƙarewa ne wajen wata shida, daidai lokacin da jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suke girma da gudu. Nono, duk da albarkarsa, ayon ɗinsa kaɗan ne. Ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka ya sa wa yaro ɗan wata 7 zuwa 12 miligiram 11 a rana, alhali babban namiji miligiram 8 aka sa masa. Ki duba ɗan naki, ki duba ubansa, ki ga wanda ya fi buƙata. Ranar da na fara jin wannan sai da na sake tambaya, don na zaci kuskure aka yi.

Ina ake samunsa? Nama, hanta, kifi, kaza, ƙwai, wake, da ganyaye masu duhun kore. Na dabba jiki ya fi saurin karɓa. Na wake da ganye yana buƙatar ɗan rakiya, wato abu mai bitamin C a zama ɗaya, kamar tumatir da aka dafa a ciki, ko ɗan gwanda, mangwaro ko ruwan lemu kaɗan a kan abincin. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana hana jiki tsotse ayon, don haka ba shi da gurbi a bakin jariri. Mutane da yawa suna jin tsoron ba ɗan wata bakwai nama saboda ba shi da haƙori. Ai ba taunawa za ki sa shi ba. Ki dafa tsoka marar kitse ta yi ligif, ki daka ko ki markaɗa da ɗan romonta, ki zuba babban cokali ɗaya a cikin dankalin da kika murƙushe. Hanta ta fi komai sauƙi, tana dahuwa da wuri kuma da bayan cokali ma tana narkewa, sai dai bitamin A ɗinta yana da yawa ƙwarai, ɗan kaɗan sau ɗaya a mako ya wadatar. Kifi ki bi shi da yatsunki silli-silli, kada ki yarda da ido wajen neman ƙaya. Ƙwai a dafa shi sosai, fari da gwaiduwa su daskare, sannan a marmasa. Wake a jiƙa, a cire ɓawon, a dafa har ya faɗa.

Ga yadda nake haɗa kwano ɗaya a kaina, ba sai na duba takarda ba. Abu mai cika ciki, ko hatsi ko dankali ko shinkafa. Abu mai gina jiki daga waɗanda na lissafa. Abu mai launi, kore ko ja ko ruwan ɗorawa. Sai ɗan maiƙo, rabin ƙaramin cokali zuwa ɗaya na mai mai kyau, ko fiya da aka murƙushe, ko niƙaƙƙiyar gyaɗa. Kada ki raina man nan. Ƙaramin cokali ɗaya yana da kalori kusan 40, kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake nema a rana ke nan, kuma ba ya cin wuri a ciki. Amma kada a wuce gona da iri, in ya yi yawa yaro zai ƙoshi da maiƙo ya bar sauran. Hatsin ma ki riƙa sauyawa, kada kullum ya zama shinkafa, don ita tana ɗauko asenik, wani sinadari mai guba, daga ƙasa da ruwa fiye da sauran hatsi, cin ta jefi-jefi ba komai, mayar da ita abincin kullum ne ba a so.

Sirrin da zai rage miki wahala, musamman da za ki koma aiki, shi ne ba sai kin ɗora wa jariri tukunya ta daban kullum ba. Abincin gidanku ne abincinsa, in dai kin ɗebi nasa kafin gishiri da dunƙulen ɗanɗano da barkono su shiga. Kina dafa wake, ki kwashi ludayi ɗaya a gefe kafin ki sa kayan haɗi. Kina miyar ganye da kifi, haka. Ƙodar jariri ba ta gama ƙwari ba, hukumar lafiyar Ingila tana cewa kafin shekara ɗaya gishirin da zai shiga cikinsa kada ya kai giram ɗaya a rana, kuma nono da abincin da kansu sun riga sun kawo wani abu daga ciki. Dunƙulen ɗanɗano kuwa rabinsa ko fiye gishiri ne. In kin ɗanɗana abincinsa kika ji salam, daidai ke nan. Harshenki ne ya saba, nasa sabo ne fil. Albasa, tafarnuwa kaɗan, tumatir, duk suna ba abinci armashi ba tare da gishiri ba. Kayan lambu kuma turarawa ta fi tafasawa a ruwa mai yawa, in kuma kin tafasa, kada ki zubar da ruwan, da shi za ki sassauta abincin. Ba dole sai da bilenda ba, cokali mai yatsu da rariya mai tsabta sun raini yara da yawa.

Yanzu maganar karas da kabewar da ya turo. Sau biyu kika gwada, ƙanwata. Sau biyu ai ko gaisuwa ba ku gama ba. Bincike da yawa sun nuna yaro kan buƙaci a kawo masa sabon abu sau takwas, sau goma, wani ma fiye, kafin ya karɓa. Yamutsa fuskar nan ba ƙiyayya ba ce, mamaki ne, haka ɗan'adam yake yi wa duk ɗanɗanon da bai sani ba. Turo harshe kuma rabinsa rashin iyawa ne, wata shida yana tsotso, yanzu aka ce ya kai abu daga gaban baki zuwa maƙogwaro, aiki ne da sai an koya. 'Yata ta biyu haka muka yi da ita a kan kabewa. Nakan zaunar da ita a cinyata, in kai cokali, ta rufe baki gam ta juya kai tana kallon bango kamar wadda aka yi wa laifi. In ɗan shafa mata a leɓe, ta lasa, ta runtse ido ɗaya, jikinta ya yi wata 'yar girgiza, sai ta fesa min a gaban riga. Na daina lissafin rigunan da na wanke. Wata rana ina gajiye na ajiye kwanon a gabanta na juya ina amsa sallama, ko da na waiwayo ta tsoma hannu biyu a ciki har wuyan hannu tana tsotsar yatsu, goshi da gira duk kabewa. Ashe ba kabewar take ƙi ba, cokalina take ƙi. Tun daga ranar nake ba ta nata cokalin ta riƙe tana buga kwano, ni kuma ina saƙa nawa a tsakani.

Ki zaɓi lokacin da ba ya jin barci kuma yunwa ba ta kai shi ga kuka ba. Ki zaunar da shi a miƙe yana fuskantarki, ki ci naki a gabansa yana gani, don yara da ido suke fara cin abinci. In ya buɗe baki ki ba shi, in ya juya kai ko ya ture hannunki sau biyu sau uku, ki ɗauke kwano ba faɗa, gobe ma rana ce. Wata likitar yara a Amurka mai suna Clara Davis ta yi wani gwaji da ta fara wallafawa a 1928, ta kuma ba da cikakken bayaninsa a 1939. Yara 15 da aka yaye ta riƙa jera wa abinci iri-iri marasa sukari da kayan haɗi, kowa ya nuna abin da yake so a ba shi, ba mai tilasta masa. Wani ya yini a kan abu ɗaya, wani ya haɗa abin da babba ba zai iya kallo ba, amma da aka bi su tsawon lokaci sai ga shi duk sun girma lafiya. A yau ba za a bari a yi irin wannan gwaji ba, kuma yaran kaɗan ne, amma abin da ya nuna ya zauna da gindinsa: in duk abin da ke gaban yaro mai kyau ne, cikinsa ya san iyakarsa. Naki shi ne zaɓen abin da zai shiga kwano da lokacin da za a kawo shi, yawan da zai ci kuma ki bar masa.

Wannan ya kawo mu kan ɗura. A nan ba ni da sassauci. Yaron da aka danne yana kuka aka zuba masa abu a baki, numfashi yake ja a daidai lokacin, kunun yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. Daga nan ake samun ciwon huhu, wani lokaci kuma abin ya fi haka muni cikin 'yan mintoci. Wanda ya tsira ma yakan tashi yana ganin cokali kamar abokin gaba. Zuma ita ma haka, ba a ba yaro ita kafin ya cika shekara ɗaya, ko ɗigo, ko a cikin kunu mai zafi. Ba don zuma ba ta da kyau ba. Takan ɗauko ƙwayayen wata cuta da ake kira botulizim, waɗanda hanjin babba ke gamawa da su ba tare da ya sani ba, amma a hanjin jariri sai su tsiro su saki dafi mai kashe jijiyoyi. Yaro ya fara da taurin bayan gida, tsotso ya yi rauni, kuka ya dushe, wuya ya saki. Tafasawa irin ta gida ba ta kashe su. Sukari kuwa ba dafi ba ne, amma yana cika ciki ba tare da ya kawo komai ba, yana lalata haƙoran da ke shirin fitowa, kuma yaron da ya saba da shi zai ƙara ƙin kabewarki. In ana son zaƙi, ga ayaba nunanniya, ga dankali mai jan ciki, ga gwanda. Lemon kwali da ruwan 'ya'yan itace ma a bar su, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2017 ta ce kada a ba wanda bai shekara ba. Ɗan itacen kansa a murƙushe ya fi. Abin sha bayan nono shi ne ruwa mai tsabta a kofi, kurɓi kaɗan bayan abinci. Madarar shanu kada ta maye gurbin nononki, amma yogot marar sukari cokali biyu ba laifi.

To yaya za ki faɗa wa Mama wannan ba tare da an ɓata ba? Ki tuna ba mugunta ce ta sa ta faɗa ba. Ta ga jikanta ba ya ƙiba, ta kawo abin da ta sani, kuma hujjarta tana yawo a tsakar gida da gemunsa. In kika ce mata hanyarta kuskure ce, kin ce ta yi wa ɗanta ba daidai ba ke nan, babu uwar da za ta haɗiye wannan daga bakin suruka. Ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba, ki yi wa ma'aikaciyar jinya tambayar zuma da ɗura a gabanta kamar ke ce ba ki sani ba, ki bar amsar ta fito daga can. Ki kuma sa maigidanki ya yi mata maganar cikin raha, daga bakin ɗa ta fi shiga. Sannan ki ba ta matsayi. Ki ce, Mama ni na kasa da shi, ke da kika fi ni haƙuri ko za ki gwada ba shi da cokali? Kakanni suna da abin da mu ba mu da shi, wato lokaci da rashin gaggawa, kuma sau da yawa yaro ya fi ci a hannunsu. Mako ukun nan da suka rage ki yi amfani da su kuna ciyar da shi tare, ta ga kaurin da ake so da idonta, ta ga ranar da zai fara karɓa. Kwalbar zuma dai ki ɗauke ta daga inda hannu ke kaiwa, ba sai kin yi sanarwa ba.

Shi kuma maigida, yana da tasa gaskiyar. Abincin kwalba ba guba ba ne, ranar tafiya ko ranar da kika dawo a gajiye liƙis yana rufa asiri, kada ki ji kunyar buɗe shi. Amma ki lura da wanda ɗanki yake so, mai 'ya'yan itace, wato mai zaƙi, mai santsi kamar mai. Irin wannan ba ya kawo ayon ɗin da muke nema, ba ya koya masa tauna, kuma ba ɗanɗanon tukunyarku ba ne, alhali tukunyarku zai ci har ya girma. In za a saya a karanta jikin kwalbar, abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. Af, sana'ar nan ma ba ta daɗe ba, kamfanin Gerber na Amurka a 1928 ya fara sayar da nasa, kuma asalinsa matar ɗan mai kamfanin ce ta gaji da tace wa 'yarta kayan lambu da hannu. Kafin zuwan abincin kamfani, daga tukunyar gida ake yaye jarirai.

Akwai abu biyu da iyaye suka fi tsoro, kuma tsoron kan sa su yi abin da ya fi cutarwa. Na farko alaji, wato jiki ya ƙi karɓar wani abinci har ya jawo ƙuraje, kumburi ko wahalar numfashi. Da can ana cewa a jinkirta gyaɗa da ƙwai har yaro ya yi wayo. A 2015 aka wallafa wani babban bincike da aka yi a Landan a kan jarirai 640 masu haɗarin kamuwa da alajin gyaɗa, aka ga waɗanda aka fara ba su tun suna ƙanana sun fi tsira da kusan kashi 80 cikin ɗari a kan waɗanda aka hana. Tun daga nan shawara ta juya. Ki fara masa da ɗan kaɗan, niƙaƙƙiya lukwi a dama a kunu, da safe don ki sa masa ido, abu ɗaya a rana ba a haɗa sababbi biyu ba. Gyaɗar ta zama mai kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta canza launi a zubar. In kin ga ƙuraje sun feso, ko leɓe da ido sun kumbura, ko amai, ki dakata ki ga likita. In numfashi ya canza ko jiki ya saki, asibiti kai tsaye ba jira. In kuma ɗanki yana da ciwon fata mai tsanani irin mai ƙaiƙayi da bushewa, wanda likitoci ke kira eczema, ko ya taɓa yin alaji da wani abinci, ki fara magana da likita kafin gyaɗa.

Na biyu shaƙewa. Tsoronta kan sa uwa ta yi ta tace abinci har yaro ya shekara, shi kuma akwai lokacin da baki ke koyon tauna, in ya wuce sai an sha fama. Wani dogon bincike da aka yi a yankin Biristol na Ingila ya gano yaran da ba a fara ba su abinci mai gudaji ba sai bayan wata tara sun fi ba da wahala wajen ci har suna shekara bakwai. Don haka nan da 'yan makonni ki daina tacewa, ki murƙushe sama-sama, wajen wata takwas zuwa tara ki miƙa masa abin da zai riƙe da hannu, dafaffen karas mai tsawon yatsa, yankan ayaba, duk abin da in kin matsa tsakanin yatsu biyu zai baje. Dasashi ya fi ƙarfin yadda kike zato. Zai yi kakari, fuska ta yi ja, ido ya kawo ruwa, ya turo abin waje. Wannan jikinsa ne ke kare kansa, ki daure kada ki cusa masa yatsa a baki. Shaƙewa ta gaske shiru take zuwa, ba kuka, ba tari, leɓe ya fara canza launi. In haka ta faru a kifa shi a kan hannu kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau biyar, in bai fito ba a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau biyar, ana yi ana neman taimako. Ki roƙi ma'aikatan asibiti su nuna muku a aikace, ke da Mama duka. Gyaɗa guda-guda, ɗanyen karas, ɗanyen tuffa, inabi da ba a tsaga shi huɗu a tsaye ba, alewa, gugguru, duk ba nasa ba ne yanzu. Kuma ba a barin yaro shi kaɗai da abinci, ba a ba shi yana kwance.

Saura ajiya. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, zafin ɗaki shi ne inda ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. In kina da firij mai sanyi tsayayye, ki raba abincin a ƙananan robobi masu murfi da zarar ya huce, kwana biyu ne iyakarsa, shinkafa kuwa kwana ɗaya. In akwai firiza, ranar hutunki ki dafa wake, nama, kabewa da dankali kowanne daban, ki zuba a farantin ƙanƙara mai gida-gida, in sun daskare ki juye a leda ki rubuta kwanan wata, ki cinye cikin wata guda. Da safe Mama ta ɗauki ƙwaya biyu na wannan, ɗaya na wancan, ta ɗumama har ya yi tururi ko'ina, ta juya, ta bari ya huce, ta gwada a bayan hannu. Sau ɗaya ake ɗumamawa, kuma abin da cokalinsa ya shiga ya fita ba a mayar da shi ajiya, yawu ya riga ya shiga. In sanyin firij ɗin ba abin dogaro ba ne, ki manta da duk wannan, ki tanadi busassun gari, na hatsi da na soyayyen wake da na gyaɗa, a mazubi mai murfi, a riƙa dafa na zama ɗaya. Ƙwai ɗaya da ayaba ɗaya ma abinci ne, minti goma sun isa. Wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abincinsa, naku da nasa, ya fi duk wata dabara da na lissafa hana gudawa.

Bayan gidansa zai canza kala da wari, har ki ga ɓurɓushin karas a ciki, kada ya tayar miki da hankali. Amma kada ki jira awon wata mai zuwa. Ki koma nan da mako biyu da katinsa a sake ɗora shi a ma'auni, ki gaya musu dalla-dalla abin da yake ci, ki nemi a duba ko yana da ƙarancin jini, ki kuma tambaya ko yana buƙatar ƙarin ayon ko bitamin D. In nauyin ya ƙi motsawa duk da gyaran nan, ko ya fara raguwa, ko ga gudawa da amai da suka ƙi tsayawa, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko ya daina walwalar da kika san shi da ita, to maganar ta bar kicin ta koma hannun likita. Ki rubuto min abin da ma'auni ya nuna, da kuma yadda kuka ƙare da Mama.